Idan sabuwar talabijin ta lalace, kada ka fara kawo mini ita

Gyaran talabijin ne sana'ata, amma in taka sabuwa ce kuma garantinta bai ƙare ba, kada ka kawo ta rumfata. Da zarar na sa sukudireba na kwance bayanta, kamfani ya sami hujjar zare hannunsa, don yawancin takardun garanti sun gindaya cewa in wanda ba wakilinsu ba ya buɗe ta, magana ta ƙare.

Fara da nemo rasit da katin garanti. Duba lambar da ke manne a bayan talabijin ɗin, ka tabbatar ta yi daidai da ta jikin katin. Sai ka ɗauki bidiyon matsalar da wayarka, ko layuka ne a fuskarta, ko murya tana fita babu hoto, ko ta riƙa mutuwa da kanta. Wani ciwon yakan ɓuya ranar da aka kai ta shago, bidiyon ne zai tsaya maka. In kwalinta yana nan, mayar da ita ciki, ka ɗauko ta a tsaye. Kwantar da ita a cikin adaidaita sahu kan tsaga gilashi a hanya, kuma wannan asararka ce.

Wurin wanda ya sayar maka za ka fara zuwa. Dokar kare masu saye ta Nijeriya ta 2018 ta ba ka damar mayar da kaya mai aibi cikin wata uku da karɓarsa, a gyara, ko a canja, ko a dawo maka da kuɗinka. Rubutun nan na ƙasan rasit, wai kayan da ya fita ba ya dawowa, bai fi ƙarfin doka ba. Garantin kamfani kuma daban yake, galibi shekara guda.

Sai dai fa ka faɗi abin da ya faru yadda ya faru. Garanti na aibin da kaya ya taho da shi daga masana'anta ne, ba na ɓarnar da aka yi a gida ba. Mutane kan zo suna cewa, "Wallahi Malam, haka kawai ta ɗauke," alhali da an buɗe, cikinta ne zai ba da labari. In Nepa ta kawo wuta da ƙarfi ko janareta ya yi tashin hauka, za ka tarar fis ya ƙone, gefen da wuta ke shiga ya yi baƙi, ga ƙauri. Ruwa yana barin tabo fari-fari ko tsatsa. Gilashin da yaro ya jefa da rimot kuwa, tsagar takan taso daga wuri guda ta bazu kamar saƙar gizo-gizo. Injiniyan kamfani ya fi ni ganin irin waɗannan, kuma da ya kama ka da ƙarya guda, sauran zancenka ma ba zai saurara ba. Hadisin da ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu, mun saba karanta wa 'yan kasuwa shi, amma bai ware mai saye ba.

In ɓarnar daga gare ka ce, faɗa musu, ka tambayi kuɗin gyara. In wuta ce ta yi ɓarnar, sau da yawa ɓangaren wuta kaɗai za a canja, bai kai kuɗin sabuwa ba ko kusa. Ka kuma sayi sitabilaiza.

In kuwa gaskiya na hannunka, kada ka bar talabijin ɗin sai an ba ka takardar shaidar karɓa mai kwanan wata da lambarta da bayanin halin da gilashinta yake ciki. Aka fara yi maka jeka-ka-dawo, rubuta musu takardar koke ka ajiye kwafi. Suka yi biris, kai ƙara FCCPC, hukumar gwamnatin tarayya mai kare haƙƙin masu saye, ana iya shigar da koke ta shafinta na intanet, ka haɗa da hoton rasit da bidiyon da takardar karɓar.