Kalmar "throw": inda ɗalibai ke tuntuɓe

Salamu alaikum ƴan uwa, musamman masu shirin jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare a nan Maradi. Kalmar Turanci "throw" ita ce jefa, amma kada ku tsaya nan.

Ba ta ɗaukar -ed, ƙarin da ke nuna aikin da ya wuce. Throw, threw, thrown, haka za ku haddace ta. "Throwed" kuskure ne, kuma maki yake ci.

Babbar matsalar tana ga ƙaramar kalmar da ke biye da ita. "Throw the ball to Ali", ka jefa masa ƙwallo ya cafe. "Throw a stone at Ali", jifarsa ka yi don dutsen ya same shi. Faransanci ba ya taimako sosai a nan, shi ya sa wanda ya saba da jeter da lancer yake cakuɗa "to" da "at". "Throw away" zubarwa ce ko yarwa, kamar leda a shara. "Throw up" kuwa amai ne, ku kiyaye. A filin kokowa, in ɗan kokowa ya ka da abokin karawarsa, "threw" ake cewa.

Sai ƴan uwanta, kowace da nauyinta. "Toss" cillawa ce a hankali, kamar ka cilla wa ƙaninka makullin babur. "Hurl" wurgi ne da ƙarfi, galibi cikin fushi. "Fling" wurgarwa ba kula. "Cast" ta masunci ce da komarsa, da kuma jefa ƙuri'a. Ba ta canja siga: cast, cast, cast. "Chuck" ta hira ce, kada ta shiga takardar jarrabawa.