Yadda nake gaida wanda ban sani ba

Rabin ranakuna na a jira suke ƙarewa: layin banki, bencin asibiti, kujerar bas. Duk inda na tsaya akwai wani a gefena da ban taɓa gani ba. Da can nakan tsaya saƙa da warwara, in gaishe shi ko in yi shiru, har lokacin gaisuwar ya wuce mu zauna kamar masu gaba. Yanzu na daina wannan dogon lissafin.

Kafin baki ya buɗe, ido ne ke fara sallama. Ka kalli mutum sau ɗaya, kada ka ƙura masa ido. Idan ya ɗago ya saki fuska, ko ya ɗan ɗaga gira, to ƙofa a buɗe take. Wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Eibl-Eibesfeldt, ya ɗauki fim ɗin mutane a ƙasashe da dama, ya ga cewa wannan ɗaga girar da ba ta wuce ƙiftawar ido ba kusan kowace al'umma na yin ta wajen gaisuwa. Amma wanda ya toshe kunne da abin sauraro, ko yake tsakiyar waya, ko ya kau da kai da gangan, ƙyale shi. Ba raini ba ne.

Wa zai fara? Kai da ka iske mutane. Hadisi ya riga ya tsara wannan: na kan abin hawa ya gaida mai tafiya a ƙasa, mai tafiya ya gaida na zaune, 'yan kaɗan su gaida masu yawa, ƙarami ya gaida babba. Idan ka shiga ɗakin jira mai mutum 15, sallama ɗaya da muryar da kowa zai ji ta wadatar. Ba sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Wanda za ka zauna kusa da shi ne kawai za ka ƙara wa "sannu da jira".

Sai gaisuwar ta yi gajarta. Nan ne mutane da yawa ke ɓata rawarsu da tsalle. "Barka da rana", "sannu da aiki" ga mai gadi ko mai shara, "sannunku" ga taro, shi ke nan. Tambayar daga ina kake, ina za ka, me ya kawo ka asibiti, wannan ya tashi daga gaisuwa ya koma bincike. Ka kuma bar tazara. Edward Hall, Ba'amurken da ya yi rubutu kan haka a 1966, ya ce daga kusan mita 1.2 tazarar baƙo da baƙo ke farawa. A cikin lif ko bas babu wannan filin, sai ka rage murya ka rage kallo. Hannu kuwa ba na miƙa wa baƙo sai shi ya miƙo.

Sunan da za ka kira mutum da shi ya fi komai santsi. Na taɓa ce wa wata mata a layi "sannu Mama", ashe ko girmata ba ta yi ba. Hararar da ta watso mini har yau ina tuna ta. Tun daga ranar, idan shekaru ba su fito fili ba, "Malam" ko "Malama" nake cewa. Dattijo kuma da "ku" nake masa magana: "sannunku Baba, ga wuri ku zauna."

Tsoron kada a share ka ne ke hana yawancinmu. A 2014 wasu masu bincike biyu, Nicholas Epley da Juliana Schroeder, sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi da fasinjojin jirgin ƙasa da bas a birnin Shikago na Amurka. Fasinjojin sun zaci yin shiru zai fi musu daɗin tafiya, sai ga shi waɗanda aka sa su yi hira da baƙo ne suka fi jin daɗi.

Duk da haka wani zai share ka. Kada ka maimaita da ƙarfi don ka kunyata shi, kada ka yi tsaki. Makon jiya na gaida wani dattijo a bencin jira, ko motsi bai yi ba. Can da aka kira sunansa har sau uku, sai da yaron da ya rako shi ya taɓa masa kafaɗa sannan ya miƙe. Da zai wuce ta gabana, ya ɗaga mini hannu.