Yadda Za Ka Gane Itace da Dabbar da Za Su Jure Ƙasar Sakkwato

Kafin ka sayi dashe ko ka shiga kara neman dabbar kiwo, ka fara la'akari da yanayin ƙasar da za su zauna a cikinta. A Sakkwato ruwan sama yakan zauna ne daga Yuni zuwa Satumba, sauran shekarar kuwa kaka ce da hunturu da bazara, inda zafin Afrilu da Mayu kan haura digiri 40. Duk mai ran da ya daɗe a nan yana da hanyar tattalin ruwa ko ta nemo shi, kuma ana ganin alamarta a jikinsa.

Ka fara da ganye. Na bagaruwa ƙanana ne ƙwarai, saboda haka danshin da busasshiyar iska ke zuƙewa daga gare su kaɗan ne. Idan ka shafa na sabara za ka ji gashi-gashi mai launin toka da ke kare shi daga rana, na tumfafiya kuwa wata farar hoda ce za ta maƙale maka a yatsa, in ka karya shi kuma farin ruwa mai guba ya tsattsafo, shi ya sa ko akuya ba ta cika kula ta ba. Itace mai ganye fala-fala irin na kurmin kudu bai saba da wannan tsimi ba, don haka kada ka wahalar da kanka da shi sai in kana da rijiya kusa ko fili a fadamar Rima.

Daga nan sai ka bincika inda itacen ke samun ruwansa da rani. Kuka tana tara shi a cikin kututturenta mai taushi, ta zubar da ganye ta jira damina. Gawo ya fi kowa ban mamaki, domin saiwarsa tana nutsawa har ta cim ma ruwan ƙarƙashin ƙasa, sai ya yi kore shar lokacin da daji ya bushe, ya kuma kaɗe ganyensa da saukar ruwan sama. Wannan ne ya sa ba ya yi wa gero inuwa, ganyen da ya zubar ya zama taki, 'ya'yansa kuma su ciyar da dabbobi a tsakiyar bazara. A ganina, manomin da ya tsinci ɗan gawo ya tsiro a gonarsa ya kewaye shi da ƙaya ya fi wanda ya dasa baƙin itace goma dabara. Inda kuma ka ga goruba ta yi yawa, galibi ruwa bai yi nisa a ƙasa ba.

Idan dasawa za ka yi, ka jira ruwa ya zauna, wajen watan Yuli, domin saiwa ta kama kafin hunturu.

Haka za ka duba dabba a kasuwar Illela ko Acida. Tozon raƙumi kitse ne ba ruwa ba. Abin da ke taimakonsa shi ne yakan bar zafin jikinsa ya hau da rana maimakon ya yi ta gumi, kashinsa ma busasshe yake fitowa. Jar akuyar Sakkwato tana miƙewa kan ƙafafun baya ta tsinki ganyen magarya a tsakanin ƙayoyi lokacin da ciyawa ta ƙare. Bijimin Bokolo mai gajeren ƙaho da sakakkiyar fata yana jure zafi, amma in an kai shi kudu inda ƙudan tsando ya yi yawa, cutar sammore kan kama shi, alhali ƙananan shanun muturu na can sun saba da ita. Saniyar Turai mai yawan nono kuwa, kada ka saye ta sai ka tanadi rumfa, da ruwan sha wadatacce, da abincin da zai kai ta ƙarshen rani.