Shokin ƙofa lokacin sanyi ba aljanu ba ne

Duk wanda ya sauka Kanada ko arewacin Amurka tsakanin Disamba da Maris sai ya sha wannan. Ka kai hannu za ka buɗe ƙofa, tas! Ko a masallaci ku yi musabaha da mutum duk ku biyun ku zabura. Wasu har su fara tofe-tofe, wasu su kira mai gidan haya wai wayarin ya lalace. Ku kwantar da hankalinku jama'a.

Kowane abu akwai caji iri biyu a jikinsa, fozitib da negatib, yawanci daidai suke shi ya sa ba ka jin komai. To in abu biyu suka gogi juna, misali takalminka mai ƙasan roba da kafet, ko suwaita da kujerar mota, sai ilektiron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da cajin negatib, su bar ɗaya su koma ɗayan, kai kana ta yawo da rarar caji a jiki ba ka sani ba, robar takalmin ta hana shi sauka ƙasa, kana kusantar ƙarfe sai ya tsallaka gaba ɗaya. Kafin ma ka ji shi ya kai wajen bolt 3,000, amma cajin kansa ɗan kaɗan ne kuma cikin ƙiftawar ido ya wuce, shi ya sa ba ya illa. Kuma kewayen cajin akwai wani ƙarfi da ido ba ya gani, shi ke sa mayafi manne wa jiki, in ka cire wa yaro hula kuma gashin ya miƙe tsaye, don kowane sili ya ɗauki caji iri ɗaya suna tunkuɗe juna.

Bushewar iska ce ummul haba'isin. Danshi ke zuƙe cajin a hankali, iskar sanyi ba ta da shi sosai, hita kuma ta ƙarasa busar da ɗakin. Ai mun san shi a hunturu, in ka yaye bargo cikin duhu ka ga tartsatsi.

Ku sayi injin fesa danshi, ba tsada gare shi ba, ku bar danshin ɗaki tsakanin kashi 30 zuwa 50. A riƙa shafa mai, kayan auduga sun fi na leda sauƙi. Ni dai makulli nake riƙewa in fara taɓa ƙofa da shi.

A gidan mai ne ba wasa. A nan mafi yawanci kai za ka zuba da kanka, kana cikin zubawa kar ka koma mota don sanyi, in ka koma to ka taɓa ƙarfen jikin motar kafin ka kama kan famfon, tartsatsi ɗaya na iya kunna tururin fetur.

Amma in ka taɓa firiji ko injin wanki ka ji yana ja bai saki ba, wannan wutar bango ce, kashe daga soket ka kira mai gidan haya nan take.