Yadda Ake Tsayar da Yoyon Fetur a Bakin Fulotar Tankin Tsohuwar Mota

Duk mai riƙe da tsohuwar mota a Zariya, ko Fijo 504 ce irin wadda kamfanin PAN ya fara haɗawa a Kaduna a 1975, ko tsohuwar Marsandi, ko Volkswagen Beetle, zai iya cin karo da wannan matsala: idan aka cika tanki sai warin fetur ya gauraye motar, idan mai ya ragu zuwa rabi kuma sai warin ya ɗauke. Wannan alama tana nuna cewa yoyon yana can saman tanki ne, kuma sau da yawa bakin fulota ne ya saki.

Fulota ita ce na'urar da ke gaya wa gejin mai yawan fetur ɗin da ya rage. Tana da ƙwallo mai yawo a kan mai, da siririn hannu na ƙarfe, da faifan da ke rufe ramin da aka zura ta. Tsakanin faifan da bakin tanki akwai gasket, wato zoben da ke like tsakaninsu don hana yoyo. A wasu motoci ƙananan sukurori biyar ko shida ne ke danne faifan, a wasu kuma zoben ƙarfe ne da ake murzawa ya kama kunnuwan bakin tankin.

Kafin ka kwance komai, ka tabbatar da ainihin inda man ke fitowa, domin mutane da yawa suna canza gasket alhali ba shi ne mai laifi ba. A Beetle tankin yana gaba, da ka ɗaga murfi za ka kai ga fulotar. A wasu motoci akwai ɗan murfi a ƙasan but, a wasu kuwa sai an sauke tankin gaba ɗaya. Ka goge wurin ya bushe sarai, ka barbaɗa garin alli ko hoda a kewayensa, sannan ka cika tanki ka ɗan jijjiga motar. Inda garin ya fara jiƙewa nan ne yoyon yake. Yana iya zama gefen gasket, ko gindin sukuru, ko wurin da kan waya ya ratsa faifan, ko kuma tiyon mai da ya tsage a kusa yana zubo wa faifan. A lokacin hunturu ƙura kan sauƙaƙa wannan bincike, domin tana manne wa duk inda fetur ya jiƙa ta bar baƙin tabo.

Batun wuta ba abin sakaci ba ne. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya ƙasa ya bi ta ƙarƙashin mota, kuma tankin da aka zuƙe mansa ya fi cikakke haɗarin fashewa saboda tururi da iskar da suka cika shi. Ka yi aikin a fili da sanyin safiya, nesa da mai walda da janareta da murhu da mai shan taba. Ka fara cire wayar batir ta ɓangaren nagatif, ka rage man zuwa ƙasa da rabi da famfon hannu zuwa cikin jarkar da ke rufuwa, kuma kada ka zuƙa da baki. Ka ajiye tukunyar kashe gobara kusa da kai.

Ka share datti daga kewayen faifan don kada ya faɗa cikin tanki, ka yi alama da alli a kan faifan da jikin tankin domin ka mayar da shi yadda ka same shi, sannan ka cire waya. Idan zobe ne, ka buga shi a hankali ta hagu da guntun tagulla ko katako mai ƙarfi. Kurfin ƙarfe ko sukurudireba a kan ƙarfe yana iya fitar da tartsatsi, kuma ƙwaya ɗaya ta isa. Ka zaro fulotar kana karkata ta sannu a hankali, domin idan hannun ya lanƙwashe gejin zai riƙa ba ka labarin ƙarya. Ka toshe ramin da tsumma mai tsabta.

A ganina, rabin gyaran yana kan fuskokin nan biyu da za su haɗu. Ka kankare tsohon gasket da gam ɗin da aka taɓa shafawa da abin kankara na roba ko katako, ka goge tsatsa da sandfefa mai laushi da hannu, ba da inji ba. Daga nan ka ɗora faifan a kan gilashi ko ka aza masa rula ka duba ta gefe. Sau da yawa za ka tarar bakin kowane ramin sukuru ya lotsa saboda wani ya taɓa ɗaure shi da ƙarfin tsiya, kuma faifan da ya lotsa yana danne gasket a gindin sukurori kawai, ya bar tsakaninsu a sake. Ana miƙar da shi a kan shimfiɗaɗɗen ƙarfe da ƙaramar guduma, nesa da tanki. Idan irin mai zobe ne, ka duba kunnuwan bakin tankin, domin sukan buɗe da tsufa, sai a ɗan dawo da su da filaya. Idan kuwa tsatsa ta huda bakin tankin kansa, babu gasket ɗin da zai riƙe shi. Wannan aikin ƙwararren mai gyaran tanki ne, wanda zai wanke shi ya kore tururinsa kafin ya kusanto da wuta.

Zaɓen gasket shi ne inda aka fi yin kuskure a garejinmu. Yanka tsohon tiyub ɗin taya yana da sauƙi, amma robarsa ba ta jure fetur, tana kumbura ta yi laushi har ta fita daga mazauninta. Gam ɗin silikon da ake shafa wa murfin injin ya fi wannan muni, domin fetur yana jiƙa shi ya saki, gutsattsarinsa su bi tiyo su toshe filta ko kafireto, motar ta mutu maka a hanyar Funtuwa ba ka san dalili ba. Sabulun da direbobi ke gogawa a kan yoyo yana aiki na ɗan lokaci saboda fetur ba ya narkar da shi, amma ruwan damina yana wanke shi, don haka dabarar isa gida ce kawai. Abin da ya dace shi ne gasket na robar nitiril ko Viton. Idan ka je wurin masu sayar da kayan gyara a Sabon Gari, ka tafi da fulotar a hannu a gwada. Idan ba a sami na motarka ba, ka sayi fallen gasket mai jure fetur ka yanka da kanka, amma ka fara jiƙa ɗan guntunsa a fetur ya kwana. Idan ya kumbura ko ya yi danƙo, kada ka saka shi.

Gasket mai kyau a kan fuska mai kyau ba ya bukatar gam. Idan tsatsa ta bar ƙananan ramuka a bakin tanki, ana iya shafa siririn gam ɗin Hylomar Blue, wanda ke jure fetur kuma ba ya daskarewa, amma shafawa ce mai kama da ta man shafawa, ba lafta shi ake yi ba. Ka zura fulotar bisa alamar da ka yi. Inda ramukan sukuru suka ratsa har cikin tanki, fetur yana hawowa ta zaren sukurun, don haka kowanne yana bukatar sabuwar washa ta jan ƙarfe ko ta faiba a ƙarƙashin kansa. Ka ɗaura su da hannu tukuna, sannan ka riƙa ƙara musu kaɗan-kaɗan kana tsallakawa daga wannan zuwa wanda ke fuskantarsa a ɗaya gefen, ka tsaya da zarar gasket ya fara dannuwa. Ka tuna cewa fulotoci da yawa ta jikin tanki suke samun at, wato haɗuwa da ƙarfen jikin mota da ke kammala zagayen lantarki, saboda haka idan gam ko fenti ya raba su geji zai daina aiki, sai mai wayarin ya ja waya daga sukuru ɗaya zuwa jikin mota.

Idan yoyon daga gindin kan waya yake, robar da ke raba shi da faifan ce ta tsufa. Ana iya wanke wurin a shafa gam mai haɗi biyu wanda aka rubuta yana jure fetur, amma sauya fulotar ya fi kwanciyar hankali idan ana samunta.

Bayan ka mayar da waya da batir, ka duba ko geji yana motsi, ka cika tanki, ka sake barbaɗa alli, ka zaga da motar ta hanya mai gargada, sannan ka bar ta a rana ka duba. Idan ka buɗe murfin tanki ka ji iska ta fito da ƙarfi, to hanyar numfashin tankin ta toshe, kuma zafin bazara zai riƙa tura mai ta sabon gasket ɗin har sai ka buɗe ta. Bayan mako guda ka sake taɓa sukurorin da sukurudireba a hankali, domin sabon gasket yakan ɗan zauna.