Yadda ake ajiye kifin kuhli a tankin gilashi a Gombe

Wanda bai san kifin kuhli ba, da ya gan shi zai ɗauka ɗan maciji ne ko wata ƙatuwar tana. Siriri ne kamar fensir, tsawonsa bai cika wuce santimita 8 zuwa 10 ba, jikinsa ruwan goro-goro da zobba baƙaƙe. Asalinsa ƙoramun daji ne na Indonesiya da Malesiya, inda ruwa ke tafiya a hankali a ƙarƙashin inuwa, ƙasa kuma yashi ne da ruɓaɓɓen ganye. A 1846 masana suka rubuta shi da sunan wani Bajamushe mai binciken halittu, Heinrich Kuhl. Idan ya samu kula yakan kai shekara 10. Yawancin waɗanda ke mutuwa kuwa a makonnin farko suke mutuwa, kuma kusan kullum laifin na shirin tanki ne.

Fara da ƙasan tankin, domin nan ne duk rayuwarsa. Faɗi ya fi masa tsayi amfani. Tanki mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30 yana cin lita 54, wato jarka biyu da ɗan ƙari, kuma shi ne mafi ƙanƙantar da za a zuba guda 6. Kada ka sayi ɗaya ko biyu. Idan ba su da yawa sai su shige rami su ƙi fitowa, har ka yi zaton sun mutu.

Tsakuwa mai kaifi ba ta yi. Kuhli da ɗan gashin bakinsa yake laluben abinci, yana cusa kai cikin ƙasa, wani lokaci ma ya binne jikinsa gaba ɗaya. Tsakuwa na cinye gashin, ta kuma kankare masa ciki har ya yi gyambo. Nemi yashin kogi mai laushi, ka tankaɗe da rariya, ka yi ta wanke shi a bokiti har ruwan ya fito garau, ka zuba masa tafasasshen ruwa, sannan ka shimfiɗa kaurin santimita 3 zuwa 4. In ya fi haka kauri, ƙasansa na toshewa ya riƙa fitar da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Kafin ka sa wani dutse, ɗiga masa ruwan binega. Idan ya yi kumfa, akwai farar ƙasa a jikinsa, zai ƙara wa ruwa nauyi, wato yawan ma'adinan da ke narke a cikinsa, a ajiye shi gefe. Wannan gwaji ba wasa ba ne a jihar da ake haƙo dutsen siminti a Ashaka.

Wurin ɓuya ba sai an kashe kuɗi ba. Tsingaron tukunyar ƙasa da aka goge bakinsa, ɓawon kwakwa da aka dafa, guntayen bututun roba mai faɗin santimita 2 zuwa 3, duk suna yi. Busasshen ganyen bishiyar almon, wadda ake shukawa don inuwa, mai faffaɗan ganye da ke yin ja kafin ya faɗo, guda biyu sun isa. Zai mayar da ruwan launin shayi, kuma haka kifin yake so. Abin da sabon mai kiwo bai cika yarda da shi ba shi ne, yawan maɓoya ne ke sa su fito fili, don sun san ko'ina akwai mafaka kusa.

Sai batun ruwa. Yana son ruwa mara nauyi, pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 6 da 7. Ruwan famfo da ake turowa daga Dadin Kowa an sa masa kilorin, don haka a ɗiga maganin kashe kilorin gwargwadon abin da aka rubuta a jikin kwalbar. Na burtsatse kuma a gwada shi tukuna. In yana barin farin ɓawo a cikin buta, nauyinsa ya yi yawa, sai a gauraya shi rabi da rabi da ruwan sama mai tsabta. Amma ban da ruwan farkon damina da ya wanko ƙura da tsatsar kwano.

Kuskuren da ya fi kashe shi shi ne a cika tanki yau a zuba kifi gobe. Kashin kifi yana zama amoniya, wadda guba ce, kuma wasu ƙwayoyin halitta da ke zama cikin soson filta, wato na'urar tace ruwan tanki, ne ke juya ta zuwa nitrayit, daga nan zuwa nitiret mai sauƙin illa. Kafin su yi yawa ana ɗaukar mako 4 zuwa 6. A wannan lokaci kunna filta, ka riƙa jefa ɗan abincin kifi kaɗan kowace rana cikin tankin da babu kowa, kana gwadawa da kayan gwaji. Sai amoniya da nitrayit sun nuna sifili ake kawo kuhli. Ranar da suka iso, musamman in sun sha doguwar tafiya a mota, a ɗora ledar kan ruwan tanki minti 20, sannan a riƙa zuba mata rabin kofin ruwan tankin duk bayan minti 5 har a yi minti 40, a kashe fitila, a sake su. Ruwan ledar a zubar da shi waje.

Filtar soso mai aiki da famfon iska ita ta dace da mu. Dalili biyu ne. Kuhli na da naci wajen shiga ƙofa, yakan bi bututun filta mai injin ya faɗa kan farfela, don haka mai irin wannan filta dole ya sa wa bakinta soso. Na biyu kuma ɗauke wuta: ƙaramin famfon iska mai batir ko mai USB zai ci gaba da tafiyar da filtar soso har wuta ta dawo, ƙwayoyin cikinta ba su mutu ba. Murfi ma wajibi ne, kuma a toshe ramin da waya ke bi, domin da dare suna hawa bango.

Zafin da yake so digiri 24 zuwa 29 ne. A watan Maris da Afrilu, lokacin da Gombe ke taɓa 40, ruwan ɗaki kan haura 31, iskar shaƙa da ke cikinsa ta ragu. Za ka ga kifin da ba ya barin ƙasa yana ta zarya sama da ƙasa, kumatunsa na bugawa da sauri. Cire murfin gilashi ka ɗaure ragar sauro a madadinsa, ka saita ƙaramar fanka tana hura saman ruwa, za ta sauke digiri 2 ko 3. Ruwan da ya ƙafe a cike shi kullum. Kada a juye ƙanƙara kai tsaye, sauyin farat ɗaya ya fi zafin illa. In ta kama, a jefa gorar ruwa mai ƙanƙara a rufe. Da hunturu kuma, dararen Disamba da Janairu, hita mai wat 50 da aka saita kan 26 ta isa. In babu wuta a lulluɓe tankin da bargo.

Ci da dare yake yi. A ba shi abinci mai nitsewa bayan an kashe fitila, daidai abin da za su cinye kafin gari ya waye. Sau biyu a mako a ƙara da tsutsar sauro ko tana da aka yayyanka ƙanana, amma daga ƙasar da ba a zuba taki ko maganin feshi ba. Masu cewa zai rayu da ragowar abincin sauran kifaye su ne kifinsu ke ramewa har kansa ya fi jikinsa faɗi. Abokan zamansa ƙananan kifaye masu sanyin hali ne irin su rasbora da tetra. Karfasa da tarwaɗa kuwa taliya za su ɗauke shi.

Kowane mako a sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da tiyo, ana shawagi da bakinsa sama da yashi ba tare da an caka ba, kuma a duba bokiti kafin a zubar, don sau da yawa akwai ɗaya a ciki. Soson filta a matse shi cikin wannan tsohon ruwan, ba a bakin famfo ba. Wajen kama shi a yi amfani da kofi, domin yana da ƙaya ƙarƙashin ido da ke maƙalewa a raga.

Fatarsa kusan tsirara take, ɓawonta ƙanana ne ƙwarai, kansa ma babu ko ɗaya, shi ya sa magani ke shigarsa da sauri. Idan fararen ɗigo kamar barbaɗin gishiri suka fito masa, a ɗaga zafi a hankali zuwa 29 ko 30, a ƙara iska, a fara da rabin adadin maganin da aka rubuta. Duk maganin da ke da sinadarin tagulla a guje shi, haka ma zuba gishiri irin yadda masu kiwon tarwaɗa ke yi. Ranar da za a fesa maganin sauro ko fiya-fiya a ɗakin, a kashe famfon iska, a rufe tankin ruf da leda da jiƙaƙƙen tawul, kada a buɗe sai an buɗe tagogi warin ya fita sarai.