Yadda ake lissafin F = ma ba tare da kai ya ɗau zafi ba

Wallahi dokar nan ta Newton ta biyu da take ba 'yan sakandare wahala, mai tura kurar ruwa ya santa a jikinsa tun bai taɓa jin kalmar fiziks ba. Isaac Newton ya fitar da ita a 1687, amma kullum tana wucewa ta layinmu.

Harafi uku ne kacal, dokar cewa take F daidai yake da m sau a. F shi ne ƙarfin turi ko ja, da niyuton ake auna shi. m shi ne mas, yawan kayan da ke jikin abu, da kilo. Shi kuma a ba gudu ba ne fa, yadda gudun yake ƙaruwa ne a duk sakan, nan da yawa suke zamewa.

To ɗauki kura mai jarka 10, kowace lita 25, ruwan kilo 250 kenan tunda lita ɗaya kilo ɗaya ce, mu ce kurar da jarkokin kilo 50, ya zama 300. Mutumin ya tura da niyuton 200, amma gogayyar taya da ƙasa tana cinye 50, don haka kafin ka taɓa kalkuleta sai ka cire wannan tukuna, saura 150, shi ne F ɗin da za ka yi aiki da shi ba 200 ba, ni dai a nan na fi ganin yara suna zubar da maki. Tunda F shi ne m sau a, raba F da m ka samu a, wato raba 150 da 300, a ya zama 0.5, wato duk sakan gudun na ƙaruwa da rabin mita a sakan. In daga tsaye ta tashi, bayan sakan 4 tana gudun mita 2 a sakan.

Ya sayar da ruwa, saura kilo 50. In F bai canza ba, 150 raba 50 ya ba ka 3, ninki shida, shi ya sa kake ganinsu suna sheƙawa a hanyar komawa famfo.

In an ba ka giram mayar da shi kilo tukuna. Kuma kar ka haɗa mas da nauyi, Hausa ce take ruɗa mu don duk nauyi muke cewa. Buhun siminti mas ɗinsa kilo 50, nauyinsa kuwa, wato ƙarfin da ƙasa ke jan sa da shi, 50 sau 9.8 (a ɗin abin da ke faɗowa ƙasa), niyuton 490. Kai shi duniyar wata nauyin ya koma kusan niyuton 81, amma simintin na nan kilo 50 ɗinsa. A jarabawa galibi 10 suke cewa a saka maimakon 9.8, duba ƙasan tambayar kafin ka fara.